Wanda Aka Fi Sani Da Uwani

Tudun Wada, Gusau
6 ga Satumba, 1999

Zuwa ga Yayana Yusha'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kamar yadda muke a nan, ya ruwa, ya kasuwa, ya fama da direbobi? Uwargidana Wasila tana gaishe ka, ta ce yajin da ka aiko ya ƙare. Ni dai na isar da saƙo.

Dalilin wannan takarda albishir ne. Ɗiyarka, ta farin nan tawa, ta samu miji. Ka san ba na kama sunanta, to ka gane wadda nake nufi. Yaron sunansa Mahadi, malamin lissafi ne a Bunguɗu, ɗan Malam Shu'aibu na Nahuce, garin da Yaya Adama take aure. A kwalejin horon malamai suka haɗu, ita ta kawo shi da kanta. Na zaunar da shi na yi masa tambayoyi kamar zan ɗauki sabon direba. Abin da ya burge ni, bai yi mini ƙaryar yana da abin da ba shi da shi ba. An sa rana Asabar, 20 ga Nuwamba, kafin azumi.

Kai ne waliyyi. Ba shawara nake nema ba, sanarwa ce. A gidanmu na Wanke ba a taɓa yin uban da ya buɗe baki ya ba da ɗiyarsa alhali yayansa yana numfashi ba, kuma ba a kaina za a fara ba. Tun da Baba ya rasu kai ne uba. Da ludayinka na yi sakandare, a rumfarka na kwana lokacin da nake karen mota. Yau motocina suna kai hatsi har Legas, ina zama da manya, ana miƙe mini a banki. Duk wanda ya zo cin arzikin ranar, sai ya ji bakinka ya ce na bayar.

Na buga kati. A Kaduna na buga shi, ba nan ba, mai ruwan zinare a gefe. Ga naka a cikin ambulan. Ka dubi layi na uku: Waliyyin Amarya, Alhaji Yusha'u Adamu, Manajan Darakta, Kamfanin Abinci na Tsafe. Ka ga yadda ya zauna? Ni na tsara shi da kaina, akawuna Zakariya bai gyara ko harafi ba.

Ka fara shirin babbar riga, shaddar tana tafe. Ka gaida mutumin naka. Wassalam.

Ƙanenka,
Alhaji Lukuman Adamu Wanke

Bakin Tasha, Tsafe
11 ga Satumba, 1999

Zuwa ga autan Inna,

Wa alaikumus salam. Gaisuwa da fatan alheri gare ka da Wasila da yara. Mu nan lafiya lau, ruwa ya yi gyara, sai dai itace duk ya jiƙe, hayaƙi yana neman makanta ni.

Takardarka ta same ni ina tsakiyar tuƙin tuwo. Na ajiye muciya na rangaɗa guɗa, har direbobi suka zaci ni za a aurar. Juwairiyya! Ni zan faɗi sunan tunda kai kunya ta ɗaure maka baki. Yarinyar da na goya a bayan nan tana tsotsar ƙashin kaza, yau ita ce da miji. Allah ya sanya alheri, ya kau da fitina. Walicci kuwa na karɓa hannu bibbiyu, har da hawayena.

Amma Luku, wane ne wannan bawan Allah na layi na uku? Na karanta ban gane shi ba. Na miƙa wa Yazid tela, wanda ka san gidanmu ɗaya, ya karanta, ya juya katin ya duba baya ko akwai hoto. Alhaji? Ni da ko filin jirgi ban taɓa gani ba? Kamfanin nan nawa kuwa rumfar kwano ce da tukwane da benci, ƙafarsa ɗaya ma dutse ce. A Tsafe in ka ce Yusha'u sai dai limamin tasha ya gane, shi ma don yana ganina a sahu. Kowa Uwani ya sani. Yaro da babba, har ɗan sanda in ya zo cin bashi, Uwani yake cewa.

Katin ya yi kyau, ba zan hana ka ba, ka iya kashe kuɗi. Amma in ba a raba ba, a gyara. Ina jin tsoron mutum ya zo neman Darakta ya tarar da ni.

Ga yaji nan a hannun direba, a ce wa Wasila ta rage zubawa, ba gishiri ba ne. Ka huta lafiya.

Yayanka

Tudun Wada, Gusau
15 ga Satumba, 1999

Yaya,

Salamu alaikum, da fatan an wuni lafiya. Yaji ya iso.

Kati an riga an raba, har Nahuce ya je. Ka kwantar da hankalinka, ba ka san harkar manya ba. Kowa a kati ana ƙara masa gishiri. Na san mai faci da aka rubuta masa Injiniya, ba wanda ya mutu. Kana sayar da abinci? Kana sayarwa. Akwai wanda yake sama da kai a rumfar? Babu. To Manajan Darakta ke nan. Makka kuwa in sha Allahu ni zan biya maka kujera, sai katin ya zama gaskiya daga baya.

Ba don ina jin kunyarka na yi ba, ka cire wannan a ranka. So nake ranar nan in an kira sunanka kowa ya gyara zama.

Wani abu kuma. Don Allah ka daina rubuta Luku a bayan ambulan. Takardar tana bi ta hannun direbobina, suna karantawa.

Ka gaida mutumin naka.

Alhaji Lukuman

Nahuce, Bunguɗu
9 ga Oktoba, 1999

Zuwa ga ƙanena Lukuman,

Sallama irin ta Musulunci, tare da fatan kuna lafiya kai da iyali. Mu nan an fara yankan gero, Alhamdu lillahi.

Lukuman, mi ka aikata? Zauna ka ji. Da katinka ya iso, Malam Shu'aibu ya ce ba su taɓa gaisawa da waliyyi ba, kuma bai kamata a haɗu da shi ranar ɗaurin aure kamar baƙo ba. Sai ya tashi ƙanensa Abdu, wanda shi ne zai karɓa wa Mahadi aure, ya ba shi ƙwaryar goro ya ce ya kai Tsafe. Abdu ya sa rigarsa ta Juma'a. Ya sauka a tasha da kati a hannu yana tambayar Kamfanin Abinci. Wani ya nuna masa injin niƙa, wani ya tura shi sakatariya. Ya zaga garin nan da goro a ka har azahar ta wuce. Yunwa ta kama shi, ya dawo tasha ya tambayi inda ake tuwo mai kyau, aka ce rumfar Uwani.

Ya ci, ya nemi ƙari, ya yaba miya. Da ya wanke hannu sai ya zaro katin ya ce wa mai tuwon, ko ka san wannan Alhajin? Yaya yana tsaye da zane ɗaure a ƙugu da ludayi a hannu, ya dubi katin ya ce, “Ni ne, sannu da zuwa. Goron nawa ne?”

Abdu bai ba da goron ba. Da shi ya dawo.

Yanzu zancen ya gama Nahuce. Kalmar da ya faɗa a ƙofar masallaci ba zan rubuta ta ba, ka san ta, ta mutanen Annabi Luɗu. Malam Shu'aibu bai ce an fasa ba, bai ce ana yi ba. Abin da kawai aka ji daga bakinsa shi ne, an aiko mana da mutumin da babu shi. Uwar Mahadi ta tare ni a gidan suna ta ce, Adama, shekara da shekaru muna tare ba ki taɓa cewa kina da wa ba. Na rasa inda zan sa fuskata.

Ka san ina son Yaya. Shi ya yi mini kayan ɗaki. Amma ni ke zaune a garin nan, kuma nan za a kawo yarinyar. Shawarata, ka ba da ita da bakinka, addini ya ba ka dama. Yaya ya zo ya riƙe girki a cikin gida, inda ba wanda ya kai shi, kowa ya huta. Ka yi tunani kafin auren nan ya zube.

Allah ya ba mu mafita. A gaida Wasila.

Yayarka,
Adama

Tudun Wada, Gusau
14 ga Oktoba, 1999

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Ni dai ba lafiya ba, tun da takardar Yaya Adama ta zo ban ci abin kirki ba.

Da farko haushinka na ji. Na ce me ya sa ba ka ce masa Daraktan ya yi tafiya ba? Me ya sa ba ka aiko mini tun ranar ba? Daga baya na zauna a ofis na kalli katin, sai na ga ba ka da abin da za ka ce masa da ya wuce “ni ne”. Shi kuwa Abdu, mutumin da zai ci tuwon mutum har da ƙari sannan ya je ƙofar masallaci ya zage shi, Allah ya haɗa mu.

Yaya Adama ta ce in ba da yarinyar da kaina, kai ka tsaya a madafa. Na karanta wa Wasila, ban san ɗiyarka tana bayan labule ba. Ta fito. Ka san ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni ba. Ranar ta dube ni ta ce, “Baba, in ba Baba Uwani ne zai ba da ni ba, a mayar musu da kayansu.” Ta koma ɗaki. Tana son yaron nan, Yaya. Tun ranar idonta bai bushe ba, abinci ma ta ƙi ci, amma ba ta janye ba. Shi ma Mahadin ya zo ya tsaya a ƙofar gida kamar wanda aka yi wa rasuwa.

Na yanke shawara zan tafi Nahuce in zauna da Malam Shu'aibu. Ba na tsoron kowa, na yi ciniki da mutanen da suka fi shi baki. Amma akwai tambaya guda da na san zai yi, ita ce ta hana ni tafiya har yau. Zai ce, Alhaji, yayan nan naka mene ne shi?

Yaya, ba ni da amsa. Tun ina makaranta in an tambaye ni sai in ce mai abinci ne, in kawo wani zance. Ban taɓa tambayarka ba, kai ma ba ka taɓa ce mini ga abin da zan ce ba. Jiya na rufe ofis na gwada kalmomin ɗaya bayan ɗaya da ƙarfi, kamar mai gwajin taya. Ɗan daudu, na ji kamar zaginka nake, don ban taɓa jin an faɗe ta ba sai da dariya a bayanta. Ta Abdu kuwa ko a ofis ni kaɗai bakina ya ƙi. Na taɓa jin abokanka a rumfa suna cewa wane ɗan harka ne, na ce ko ita ce mai mutuncin. Har Zakariya na tambaya, ka san shi Kirista ne kuma yana karanta mujallun waje. Ya ce Turawa suna da wata gajeruwa, wai ge, kuma masu abin da kansu suka zaɓe ta. Na ce to ko ita zan kai wa Malam, tunda ta masu ilimi ce.

Na yi maka suna sau ɗaya ba da izninka ba, ga inda ya kai mu. Ba zan ƙara ba. Ka faɗa mini wadda kake so. Wadda ka zaɓa ita zan faɗa a zauren Malam Shu'aibu, da muryar da nake kiran lodi, ko Nahuce za ta tsage.

Ina jiran amsa ta hannun direban da ya kawo wannan. Ka gaida mutumin naka.

Ƙanenka,
Lukuman

Bakin Tasha, Tsafe
30 ga Oktoba, 1999

Zuwa ga Luku,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ka yi haƙuri da jinkiri. Direbanka ya zo ya koma ya sake zuwa, kullum in ce masa gobe. Shekaruna sun haura hamsin, an kira ni da suna iri-iri, na daɗi da na ɗaci, amma ba a taɓa tsayawa an ce wanne kake so ba. Da aka tambaya sai na rasa bakin magana, ni Uwani da ake cewa bakina ba ya mutuwa.

Ka kuma san abin da ake ciki. Tun taron ƙaddamar da shari'a da aka yi a Gusau, tasha ta canza. Ƙawayena biyu sun naɗe tabarma sun bar jihar. Ni ma na rataye zane, wando nake girki da shi, duk ya ishe ni. Yanzu magana ɗaya tana iya kai mutum inda bai zata ba. Don haka ka saurara da kyau.

Ta Abdu, ɗan luwaɗi, ga ta na rubuta tunda ku duka kun kasa. Wannan ba suna ba ne, tuhuma ce. Ta gaban alƙali ce, mai faɗinta sai ya zo da shaidu. Kada ka karɓe ta, kada kuma ka tsaya rantse-rantse a kaina. Abin da ke tsakanina da Ubangijina ban ba ka ajiyarsa ba, ban kuma ba Abdu ba.

Ɗan harka kuwa, oh ni, ashe kana kasa kunne a rumfa! Wannan tamu ce, mu ya mu, kamar yadda ku direbobi kuke da maganarku da fasinja ba ya ganewa. In ta fito daga bakinka a zauren malami ta zama tonon asiri, ba nawa kaɗai ba, har na mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. Ka mayar da ita inda ka ɗauko ta. Ta Zakariya, ka gode masa, ya yi ƙoƙari. Wataƙila a garinsu tana da daɗi. Ni ban san ta ba, ita ma ba ta san ni ba, Malam Shu'aibu kuma zai ce ka sake kawo masa wani Daraktan.

Ka ce ɗan daudu ne. Haka nake, ban taɓa ɓoyewa ba, da shi na ci na sha na ciyar da kai. Ka ce ba ka taɓa jin ta ba sai da dariya a baya. To kai ka faɗe ta ba dariyar. Kada ka yi ƙasa da murya, kada kuma ka yi ihun lodi, ba fasinja kake nema ba. Ka faɗe ta yadda za ka ce wane manomi ne, sannan ka rufe bakinka. Kada ka bi ta da amma. Na san ka, za ka ce amma yana da kirki, amma yana salla. Duk amma ɗin da ka ƙara, haƙuri kake bayarwa, ni kuwa ban aike ka ba da haƙuri ba.

Wannan ta amsa tambaya ce in an yi. Ba ita za ka kira ni da ita ba, ba kuma ta kati ba ce. Kati wurin suna ne. Da an tambaye ni, da na ce a rubuta Yusha'u Adamu Wanke, wanda aka fi sani da Uwani. Na farkon Baba ya raɗa mini, na biyun ni na same shi da gumina a bakin murhu, ba kuma zan sauke shi don gari ya yi zafi ba. Kai ka fi kowa sanin wannan. Ka manta ana ce maka Luku Waigi, saboda gudun da kake yi da waigi, itacen tokare taya, in mota ta tsaya a hawa? Duk hanyar Funtuwa ba wanda ya kai ka sauri. Yau ko Luku ba ka so a gani a bayan ambulan. Ban hana ka ba, na ga kana so a ce Alhaji, kuma ka je Makkan. Kowa dai a tambaye shi.

Yazid kuma sunansa Yazid. Shekara nawa kana rubuta mutumin naka, kamar wanda ya ci maka bashi.

Saura magana ta ƙarshe. Adama ba ta yi ƙarya ba, ita ke zaune da su. In ka je ka ga auren zai mutu saboda ni, ka ba da yarinyar. Na yafe walicci, wallahi ba zan riƙe ka ba. Zan zo in yi girkin da Nahuce ba ta taɓa ci ba. Ka gaya wa Juwairiyya in ji ni, ta ci abinci, ba a yi mini yajin cin abinci ina mai tuwo.

Allah ya yi maka albarka, autan Inna.

Yayanka

Tudun Wada, Gusau
6 ga Nuwamba, 1999

Zuwa ga Yayana Yusha'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, na je Nahuce na dawo. Ban shiga da marsandi ba, a bakin gari na bar ta na taka da ƙafa.

Na tarar da Malam Shu'aibu a zaure yana ɓarar gyaɗa, Abdu yana gefe. Aka gaisa, aka kawo ruwa. Malam ya ce, “Alhaji, mun aika a gaida mutum, ba a same shi ba.”

Na ce, “Babu shi, Malam. Ni na ƙera shi a Kaduna. Wanda yake akwai shi ne wanda ya ba Malam Abdu tuwo.”

Abdu ya taso da kalmar nan tasa. Jinina ya hau, amma na tuna takardarka. Na ce, “Malam Abdu, ka gani da idonka?” Ya ce ai kowa ya sani. Na ce, “Kai da wa za ku tsaya shaida?” Malam ya ajiye gyaɗar ya ce, “Abdu, yanzu shari'a ake. Maganar nan in ba ka da shaidu bayanka take nema. Kada in ƙara jin ta a gidan nan ko a ƙofar masallaci.”

Sannan ya juyo ya yi tambayar, kusan yadda na ce zai yi. “To shi mene ne?”

Na ce, “Ɗan daudu ne, Malam. Yayana ne.”

Na rufe bakina. Yaya, na yi dakon buhu, na tura mota a laka, ban taɓa aikin da ya kai riƙe amma ɗin nan wuya ba. Ban sunkuyar da kai ba.

Malam ya dube ni. Ya ce, “Yana salla?” Na ce limamin tashar Tsafe yana nan da rai, a tambaye shi. Ya ce, “Da hankalinsa?” Na ce ya fi ni, don shi ya ce a gyara katin kafin a raba. Sai da ya murmusa.

Ya ce, “Ba zan yi maka ƙarya ba, Alhaji. Wannan hali ba na son sa, ba kuma zan ce ina so ba don mun zama surukai. Amma ɗiya muka zo nema, ba mu ke zaɓa muku wanda zai ba da ita ba. Abin da ya tsaya mini shi ne takardar. Ba na ɗaura aure a kan mutumin da babu shi. A janye ta.”

Abdu ya miƙe ya ce shi dai hannunsa ba zai karɓi aure daga wannan hannun ba. Malam ya ce to ya zauna a gida. Aka ce wa zai karɓa wa Mahadi, tunda ba wani ƙane? Malam ya ce, “Ni. A ce Shu'aibu ba shi da kunya ya karɓa wa ɗan cikinsa aure. Na ɗauka.”

Ba zan ɓoye maka ba, ba kowa zai zo ba. Abdu da mutanensa ba za su zo ba, a Gusau ma akwai waɗanda na ga sun fara kau da kai. Shinkafar da za su ci sai a ƙara wa wasu. Na biya ta wurin Yaya Adama, ta yi kuka, ta ce ita dai tsoro ne ya sa ta. Goron nan yana nan, Malam ya ce shi da kansa zai miƙa maka ranar. Ɗiyarka ta ci tuwo, har ta nemi ƙari.

Maganar ka yafe walicci, ban karanta wannan layin ba. Girki an ba wasu, kai zama za ka yi a tabarmar gaba.

Ga sabon kati. A nan Gusau na buga shi, fari ne ba zinare. Layi na uku yadda ka faɗa yake, ban ƙara ko ɗigo ba. Da na kai wa mai bugawa sai na ga sunanka shi kaɗai yana ɗauke da jela, na sama da shi duk sun sha rawani. Ban ji daɗin ganinsa haka ba. Ka dubi layi na biyu. Kada ka karanta a gaban direbobina.

Kati biyu ne a ambulan. Ɗayan na Yazid ne, na rubuta sunansa da hannuna. Ka gaishe shi, ka ce ina jiran ganin ɗinkin rigar.

Wassalam.

Ƙanenka,
Lukuman

Bakin Tasha, Tsafe
9 ga Nuwamba, 1999

Auta,

Salamu alaikum. Kati ya iso. Ka makara da gargaɗi, Yazid ya riga ya karanta shi da ƙarfi rumfa cike: Uban Amarya, Alhaji Lukuman Adamu Wanke, wanda aka fi sani da Luku Waigi. Wani tsohon direba ya ajiye loma ya ce, Waigi ne zai aurar da ɗiya? Wallahi sai na je. Yanzu mota guda ta cika, ka ƙara shinkafa.

Riga ta ɗinku. Na gwada, na taka gefenta na kusa faɗawa miya. Ina koyon cewa na bayar ba tare da guɗa ba, amma ban yi alkawari ba.

Muna tafe ranar Juma'a in Allah ya yarda. A shimfiɗa mana wuri na mutum biyu.

Naka har kullum,
Yusha'u, wanda aka fi sani da Uwani,
yayan Luku Waigi